Komai Nisan Jifa: Ƙalubale Ga 'Yan Kasuwar Ɗame Fata

Jama'a, wata sabuwar kasuwa ta ci a ƙasar nan, ba ta da rana, ba ta da rumfa, ba ta kuma da sarkin kasuwa. A cikin wayar hannu take ci dare da rana, hajar da ake kasawa a cikinta kuwa ita ce alkawarin wai za a ɗame wa mutum fatar da ta saki, a mai da tsohuwa yarinya ɗanya shataf. Mai man shafawa yana kira, mai garin sha yana kira, haka mai na'ura da mai zare da mai allura, can ƙarshen layi kuma ga mai wuƙa yana wasa ta. Dukansu da murya ɗaya suke talla, watau muryar tsoratarwa: dubi wuyanki, dubi ƙasan haɓarki, dubi damatsanki, dubi yadda haihuwa ta mai da cikinki. Ni a ganina lokaci ya yi da za mu tsaya mu duba kayan nan, kamar yadda mai sayen akuya kan buɗe bakinta ya ga haƙora, don mu san ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ra'ayina tun ba a yi nisa ba shi ne ba ta biya, masu cinikin kuwa sun fi kowa sanin haka.

Bari mu fara da ita fatar kanta. Fatar mutum hawa-hawa ce. Ƙarƙashin wadda ido ke gani akwai wata mai kauri, a cikinta ne ake samun waɗansu zaruruwa iri biyu da likitoci ke kira kolajin da ilastin. Kolajin ke ba fata ƙarfi da kauri, kamar zaren tsaye a masaƙa. Ilastin kuwa shi ke sa in an ja ta ta koma mazauninta. Daga sa'ad da mutum ya gama girma, kolajin nasa yakan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara, mace kuma in ta daina al'ada takan yi hasarar abin da ya kusa kashi 30 cikin 100 a shekara 5 na farko. Ba a nan abin ya tsaya ba. Kitsen kumatu yana narkewa yana zamewa ƙasa, jijiyoyin da ke riƙe da shi suna sassautawa, har ƙashin fuska ma yana ɗan zaizayewa. Zafin rana da shan taba suna ƙara wa aikin sauri, haka ciki bayan ciki, da ƙiba wadda rama ta biyo bayanta farat ɗaya. Ashe ke nan abin da muke gani ya zazzago a madubi ginin ne duka ya motsa tun daga tushe. To, ƙaƙa za a ce yaɓe zai tsai da shi?

Amma yaɓen ne aka fi saye. Kwalaben mai ga su nan birjik, kowace an rubuta mata "kolajin" da manyan baƙaƙe. Masana harhaɗa magunguna suna da awon girman ƙwayar sinadari da suke kira dalton, kuma sanannen abu ne a wurinsu cewa abin da ya wuce dalton 500 da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Ƙwayar kolajin kuwa ta kai dalton 300,000. Watau dai an ce maka za a tura sa ta ramin ɓera. Iyakar abin da man zai yi shi ne ya zauna a sama ya riƙe laima, fata ta yi laushi na yini guda, aikin da man kaɗanya ya daɗe yana yi wa kakanninmu a kan 'yan kuɗi ƙalilan.

Da masu wayo suka ga an fara gane wannan, sai suka ce to a sha. Ga garin kolajin a gwangwani, a dama a shayi safe da yamma. Haba jama'a! Ciki ba ya karanta abin da aka rubuta a gwangwani. Duk abin da ya shiga cikinsa niƙe shi yake ya rarraba, ba kuwa mai iya ba shi umurni ya kai wannan kaso wuya, wancan ƙasan ido. In da cin kolajin yana hana fata saki, da masu cin ganda da farfesun ƙafar sa ba su taɓa yin tamoji ba, don kuwa ganda kolajin ce tsagwaronta. A 2025 waɗansu masana biyu na Koriya ta Kudu suka tattara gwaje-gwaje 23 da aka yi a kan irin wannan gari. Da suka ware waɗanda kamfanonin magani suka ba da kuɗin yinsu, suka duba sauran, sai amfanin ya ɓace. Wanda ya biya makaɗi shi ake wa kirari.

Don kada a ce na yi wa kowa kuɗin goro, akwai man shafawa guda da likitocin fata suka yarda yana aiki, shi ne tiretinoyin. Yakan rage ƙananan tamoji bayan watanni ana shafawa, yakan kuma sa fata ta yi ja ta yi saɓa kafin ta saba, ba a kuwa ba mai ciki. Amma ko shi ba ya ɗaga haɓar da ta sauko. Yana da kyau kuma mu san asalinsa. Likitan da sunansa ya fita a kan wannan magani, Albert Kligman, ya yi shekaru daga 1951 zuwa 1974 yana gwaje-gwaje a jikin fursunoni a kurkukun Holmesburg da ke birnin Filadelfiya na Amurka, galibinsu kuwa baƙar fata ne. Sai a 2022 hukumar birnin ta fito ta nemi gafara. Fatar baƙin mutum ta daɗe tana yi wa wannan kasuwa bauta.

Sai mu zo kan na'urori, waɗanda su ne abin yayi yanzu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗa ya ga yadda suke yi in ganga ta yi sanyi: sai a kai ta rana ko a kara ta kusa da wuta, fatar ta ɗame, murya ta fito. Wannan ita ce dabarar na'urorin nan duka, illa dai an sa mata sunan Turanci da farashin Turai. Wadda ake kira Thermage, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2002, da igiyar rediyo take dumama cikin fata. Ultherapy, wadda aka amince da ita a 2009 don ɗaga gira, sa'an nan a 2012 don wuya da ƙasan haɓa, da sautin da kunne ba ya ji take aiki, tana tara zafi a ɗigo-ɗigo har zurfin milimita 4.5, zafin da ya kai digiri 60 zuwa 70. A taƙaice ƙona cikin fata ake yi da gangan kaɗan-kaɗan, don jiki ya taso gyaran ƙunar ya saƙa sabon kolajin. Ban ce ƙarya ce zalla ba. Ga wanda fatarsa ba ta yi nisa da saki ba, akan ga ɗan canji bayan wata 2 zuwa 6, canjin da sau da yawa sai an jera hotuna biyu an ƙura ido kafin a gane shi. Bayan shekara guda ko biyu kuma sai ganga ta koma sanyinta, a sake komawa a sake biya. Mai fatar da ta zazzago sosai, watau wanda ya fi kowa bukata, shi ne wanda na'urar ba ta yi wa komai. Makaɗi dai bai taɓa ce wa kowa ya gasa ganga sau ɗaya ya huta har abada ba.

Wuta kuma wuta ce. A watan Oktoba na 2025 ita wannan hukuma ta Amurka ta fito da gargaɗi a kan na'urar da ke haɗa ƙananan allurai da igiyar rediyo, ta ce ta sami rahotannin ƙuna, da tabo, da narkewar kitsen fuska, da lalacewar jijiya, har waɗansu sai da aka yi musu tiyata. A lura, a ƙasar da ake da doka da masu bin sawunta ke nan.

Zare fa? Shi wannan ana cusa shi ne a ƙarƙashin fata da allura, yana da 'yan ƙayoyi da ke kama nama, sai a ja sama kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiya. Wani iri da aka yi ta yayatawa a Amurka, mai suna Contour Threads, an janye shi daga kasuwa a 2007 bayan 'yan shekaru kaɗan da fitowarsa. Na yanzu narkewa yake a jiki cikin watanni, ɗagin ma ya bi shi. In aka yi rashin sa'a fata ta lotsa, ko bakin zaren ya leƙo waje, ko wurin ya yi ruwa. Allurar Botox kuwa, wadda aka amince da ita don kwalliya a 2002, dafi ce da ake samu daga wata ƙwayar cuta, aikinta ta sanyaya tsokar da ke tattare goshi na wata 3 ko 4. Ba ta ɗame komai. Allurar cike gurbi ita ma cika rami take, ba ta ɗaga abin da ya faɗi, in kuwa mai yin ta ya kuskure ya zuba a hanyar jini, nama yana iya mutuwa, ido yana iya makancewa. Da can in Bahaushe ya ce garin gyaran gira a rasa ido, karin magana yake yi. Yau maganar ta zama rahoton asibiti.

Saura mai wuƙa. Abin mamaki, shi ne mafi gaskiya a cikinsu, domin shi kaɗai ke yin abin da ya ce zai yi. Yakan tsaga ta gefen kunne, ya ɗaga shimfiɗar naman da ke ƙarƙashin fata, wadda waɗansu likitocin Faransa suka bayyana a 1976, ya ɗinke ta sama, ya yanke rarar fata ya yar. Aikin yakan kai shekara 10 ana cin moriyarsa. Haka ake yi wa cikin da ya saki da damatsa. Amma kuɗinsa ba na talaka ba ne, kuma ana biya da abin da ya fi kuɗi: jini yana iya taruwa a ƙarƙashin fata, jijiyar da ke motsa fuska tana iya taɓuwa baki ya karkace, mai shan taba fatarsa tana iya ruɓewa a bakin ɗinki, aikin ciki kuma an san shi da haɗarin gudajin jini da kan tafi huhu. 'Yan Nijeriya ba ma bukatar a ba mu labarin wata ƙasa. A ran 23 ga Oktoba 2005 uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen bayan aikin zuƙe kitse a wani asibitin kuɗi, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. A 2009 kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. In matar da ke da ƙasa guda a bayanta ba ta tsira ba, ina ga 'yar'uwarmu da ta sayar da 'yan kunnenta ta shiga wani ɗaki a bayan shagon gyaran gashi?

Domin kuwa abin da ke isowa gare mu ke nan. Ainihin na'urar da ƙwararren likitan suna can inda kuɗi suke. Mu namu rabon shi ne kwaikwayo: na'urar da aka yi odarta ta intanet ba a san maƙerinta ba, a hannun wadda ta yi kwas na 'yan kwanaki ta rataya farar riga, da allurar da ba mai iya faɗa maka abin da ke cikin kwalbarta. Ko a Amurka, a 2024, jabun Botox ya kwantar da mutane a asibiti a jihohi da dama. Araha dai ba ta ado. Daɗin daɗawa, fatarmu ba irin ta waɗanda aka fara ƙera kayan dominsu ba ce. Baƙar fata tana da baiwa, launinta yana kare ta daga rana, shi ya sa tamoji ke jinkirin kama mu. Amma tana da nata hali: in aka ƙona ta ko aka ji mata ciwo takan bar baƙin tabo mai daɗewa, kuma mu ne muka fi kowa yin tabon nan mai tudu da ke tsiro ya zarce bakin ciwon, wanda likitoci ke kira kiloyid. Duk wanda ya taɓa ganin yadda hujin kunne kawai ke zame wa wata ƙululu ya san abin da nake nufi. Mai tallan ba za ta tambaye ki ko ana yin irin wannan tabo a danginku ba. Lambar asusunta za ta turo miki.

Ga kuma wani abin takaici da ya fi wannan. Hannun da ke sayar da maganin sakin fata, sau da yawa shi ne ya sayar da abin da ya sake ta. A wani rahoto na 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin. Ko an raba wannan adadi biyu, abin ya isa tashin hankali, har ma a 2023 hukumar NAFDAC ta kira al'amarin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, waɗansu da zaiba. Aikin sitiroyid in an daɗe ana shafa shi kuwa shi ne ya hana fata saƙa kolajin, ta yi siriri kamar takarda, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse. Watau yarinya 'yar shekara 25 ta biya kuɗi an kware mata rigar da Allah ya ba ta, in ta kai 35 ta koma shago ɗaya ta biya a ɗame mata abin da ya saura. Turawa ma suna da irin tasu: tun da allurar rage ƙiba irin su Ozempic ta yaɗu, masu ramewa da sauri suka fara ganin kumatunsu sun zube, nan take kasuwa ta buɗe musu sabon layi. Ƙungiyar likitocin kwalliya ta duniya ta ƙidaya ayyuka kusan miliyan 35 a shekarar 2023 kaɗai. Wannan ba ƙaramar gona ba ce, ba kuwa za a bar ta ta bushe ba.

To, wa ke kora mata cikin wannan kasuwa? A nan fa 'yan'uwana maza sai ku yi haƙuri, don da mu nake. Yana da sauƙi mu zauna a majalisa muna dariyar mata wai ba su da godiyar Allah. Amma matar da ta haifa wa mutum 'ya'ya shida, kowane ciki ya miƙe mata fata ya bar mata shaida, wa ya fara ce mata ta zama kwanon tuwo? Wa ke yi mata barazana da amarya duk sa'ad da aka yi 'yar saɓani? Shi gogan naka ga tumbi ya rufe masa mazagin wando, ga sanƙo, ga wuya ninki uku, amma bai taɓa tsayawa gaban madubi da fargaba ba, don ya san ba mai sake shi saboda haka. Matar da ke shafa man nan ba wauta ke damunta ba. Lissafi ta yi, ta ga aurenta da ɗakinta da makomar 'ya'yanta sun rataya a kan abin da ba ta da iko da shi, ta fita neman mai ceto, ta faɗa hannun ɗan kasuwa. Mu muka ɗora mata tsoron, shi ya zo ya saye shi da araha.

Harshenmu ma shaida ne a kanmu. Bahaushe yana kiran mahaifinsa "tsohona", mahaifiyarsa "tsohuwata", cikin ƙauna da girmamawa. Daga "dattijo" muka sami "dattako", kalmar da ta tattara kamala da gaskiya da riƙon amana. Amma a duba yadda muka raba gadon. Namiji in ya yi furfura ya zama dattijo, a ba shi buzu a gaban sahu. Mace in ta yi, sai a ce "ta tsufa", "ta kwana biyu", "ta wuce yayi", a tatsuniya kuma ita ce makira mai haɗa gurmi. Wannan ramin mu muka haƙa shi tun kafin Bature ya zo da na'urarsa, shi dai ya tarar da shi ne ya kafa rumfa a bakinsa. Yanzu har an fassara mana taken tallarsu, ana cewa "yaƙi da tsufa". Iyayenmu sun yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, wannan yaƙi ne mai ma'ana, don jahilci abokin gaba ne kuma ana iya cin sa. Tsufa fa? Hanya ɗaya ce tak ta hana shi zuwa, ita ce mutum ya mutu da ƙuruciya. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba, inda mata da yawa ke tafiya a kan gwiwa ba su ga tamojin farko ba, wai mu ne za a koya wa jin kunyar daɗewa a duniya. Wata mujallar kwalliya ta Amurka, Allure, ta sanar a 2017 cewa ta daina amfani da wannan kalma. Su da suka ƙirƙiro ta sun fara tofar da ita, mu kuma muna tsince ta muna yi mata fassara.

Na san za a ce, jikinta ne, kuɗinta ne, ina ruwanka? Gaskiya ne, ban kuwa ce kwalliya laifi ba ce. Lalle da dilka da kwalli da turare ba su taɓa yi wa kowa alkawarin mai da shekaru baya ba, ado suka ce za su yi, ado kuma suke yi. Akwai kuma waɗanda bukatarsu ta gaske ce: wanda ya sauke ƙiba mai yawa fatar ciki ta rataya tana gogayya tana yi masa gyambo, ko dattijon da fatar idonsa ta sauko ta tare masa gani. Waɗannan marasa lafiya ne, wurinsu asibiti, gaban likitan tiyata mai rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, wanda zai auna jininsu da zuciyarsu ya kuma gaya musu abin da ka iya faruwa. Amma zaɓi ba ya zama zaɓi sai an faɗa wa mutum gaskiya. Wadda aka ɓoye wa cewa man ba ya ratsa fata, ɗagin zare na watanni ne, na'ura tana ƙuna, ba zaɓi ta yi ba, damfararta aka yi.

Ita wannan sana'a ta gyaran fuska ma ba don tamoji ta girma ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ne likita Harold Gillies ya kafa ta sosai a asibitin Sidcup na Ingila, daga 1917, yana sake gina fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza. Irin wannan aiki yana nan a ƙofar gidanmu. A Sakkwato akwai asibitin yara masu ciwon noma, wanda aka buɗe a 1999, inda ake ɗinke wa yara kumatu da leɓe da hancin da cutar ta cinye saboda yunwa da talauci. Sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Likitocin da suka iya wannan aiki ba su da yawa a ƙasar nan, duk hannun da kasuwar kwalliya ta janye kuwa an rage shi ne daga wani wuri.

Duk mai shago ko mai na'urar da ya ga na ci zarafin sana'arsa, ga fili ga mai doki, ya rubuto martani. Sai dai ina da sharaɗi. Kada ya kawo mana hoton nan na "kafin" da "bayan" da aka saba, wanda a na farko mace ta sunkuyar da kai cikin duhu ba ko hoda, a na biyu ta ɗaga haɓa cikin haske, fuska na kumbure da zafin na'ura ana ce mana ɗamewa ce. Ya kawo hoton mace ɗaya, a haske ɗaya, a tsayuwa ɗaya, ba kwalliya ba tacewar waya, shekara biyu cur bayan aikin. Ya haɗo da jimlar abin da ta kashe, da sunan wanda ya riƙe allurar, da lambar rajistarsa.